Layi Huɗu Mata, Biyu Maza

Ku samarin da kuke zuwa min kuna cewa ku ma irin masara za ku riƙa fitarwa, tunda wai noman masara ne kawai, ban ga laifinku ba. Haka ni ma na ce ranar da na fara zuwa gonar Baba Iro a gefen Tiga, cikin shekarun tamanin, lokacin da masara mai aure, wato ta haɗin iri biyu, ta fara shigowa ƙasarmu. Baba Iro tsohon malamin gona ne da ya ajiye aiki ya koma fitar wa wani kamfani iri. Ni kuwa a lokacin ga ƙarfi ga baki. Na ce masa tun ina ɗan shekara bakwai nake riƙe fartanya, me ya rage a koya min? Ya karyo goyon masara ɗanye wanda gemunsa bai daɗe da fitowa ba, ya miƙo min, ya ce, "Haladu, ɓare wannan a hankali, ka bi gashi guda ɗaya ka gaya min inda ya tsaya."

Na zauna a kan kunya ina ɓare ɓawon ɗaya bayan ɗaya, ina jin haushi. Na kama sili guda na gemun na bi shi da farce har ciki, sai ga shi ya tsaya a kan wani ɗan ƙurji fari. Na kama wani, shi ma ya tsaya a kan nasa. Na kama na uku, haka. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi! Shekara nawa ina gasa masara ina tsige gemun nan ina yarwa, ban taɓa sanin kowace ƙwaya da silinta ba. Baba Iro ya lanƙwaso furen da ke saman karan, wanda mu tuta muke ce masa, ya kaɗa shi a tafin hannuna. Wani gari rawaya ya zubo, kamar garin ɗorawa amma ya fi laushi. Ya ce, "Ga namiji a sama, ga mace a ƙugu. In garin nan bai sauka a kan sili ba, ƙwayar wannan silin ba za ta taɓa cika ba." Mu da muka tashi cikin dawa da gero, inda fure da ƙwaya duk a kai ɗaya suke, wa ya taɓa tunanin haka? Ranar na koma gida ina tare mutane a hanya ina ba su labari kamar ni na gano abin.

Shuka ce aikin farko da na koya, kuma a nan na gane igiya ta fi ƙarfina amfani. Kamfani kan kawo buhu biyu na iri, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Za ka ja igiya mai ƙulli-ƙulli, ka shuka layi huɗu na uwa, ka shuka biyu na uba, ka sake huɗu, ka sake biyu, har ƙarshen gona. A bakin kowane layin uba sai ka kafa turke ka ɗaura masa jan tsumma, don da zarar masara ta tasa ba mai iya bambance su da ido. Mai shuka uwa ba ya taɓa ƙwaryar mai shuka uba. Na taɓa sa hannu a aljihu na ji ƙwaya uku da ban san ta wane buhu ba ce, zan jefa a rami, Baba Iro ya daka min tsawa daga can ƙarshen gona, ya sa na tauna su a gabansa. Kuma ba a fitar da iri kusa da masarar wani, saboda iska ba ta san iyakar gona ba, garin tutar maƙwabci zai iya tasowa ya ɓata maka komai.

Babban aikin shi ne cire tuta. Manufar duka ita ce a hana uwa ɗaukar garinta, ta ɗauki na uba kaɗai, sai a samu 'ya'yan da suka fi iyayen biyu ƙarfi. Saboda haka duk tutar da ta leƙo a layi huɗun nan sai an zare ta tun ba ta buɗe ba, ta layi biyun kuwa ba a ko taɓa ta. Za ka sa taguwa mai dogon hannu, don ganyen masara yanka yake yi, ga ƙaiƙayi. Ka riƙe kara da hagu, ka cusa dama cikin ƙoƙon ganye, ka kama tutar gaba ɗaya ka zare sama, ka ji ta yi "tsut". In ka fizga da gaggawa ka bar reshe guda a ciki, reshen nan zai buɗe ya zubar da gari. In ka haɗa da ganye uku, ka rage wa goyo abinci. Kullum ne, kusan mako biyu, ko ana ruwa ko ana rana, don ba rana ɗaya suke fitowa ba. Ga mai duba gonaki na kamfani, wanda ba ya sallama kafin ya zo. Ya shiga layi ya ga tuta a buɗe a kan uwa fiye da 'yan kaɗan, ya soke gonar, shi ke nan ta zama ta tuwo. Duk da haka ni aikin nan daɗi yake min. Da hantsi, in raɓa ta bushe, sai ka tsaya ka ga garin yana tashi daga layukan maza yana sauka a kan gemun mata, gonar duk ta yi wani ƙamshi. Har yau ban gaji da kallonsa ba.

Masu sayen irin kuwa, ban da surutu ba abin da ban sha ba. Wani ya tare ni a kasuwar Tudun Wada da buhu a kafaɗa, ya zazzage min masara a ƙafa, wata doguwa, wata guntuwa, ya ce mun cuce shi. Na ce yaushe ya sayi irin? Ya ce bara waccan. Ashe ya noma ya ji daɗi, ya ɗebi iri daga rumbu ya sake shukawa, kamar yadda ake yi wa dawa. Na ce masa irin aure sau ɗaya yake wannan kyan, jikokin kowa kamannin wani kakan yake ɗaukowa. Ya ce dabara ce ta mu riƙa sayar masa duk shekara. Na kwashe masa masararsa na mayar a buhu, muka rabu yana ƙunƙuni.

Shekara uku na yi a hannun Baba Iro, ta huɗu ya kai ni gaban kamfani ya tsaya min aka ba ni iri da sunana. An gaya min a fili: shekarar gwaji ce, in gonar ta lalace ba za a sake ba ni ba. Na samu fili kudu da Tudun Wada, ta hanyar Doguwa, a ƙetaren wani rafi, tafiyar rabin awa daga bakin kwalta. Na zaɓe shi ne don ba masarar kowa a kusa. Maƙwabtana kaɗai su ne mutanen rugar Ja'e, wani Bafulatani dogo mai yawan dariya, wanda shanunsa suka kwana min a filin da rani suka ba shi taki. Da lokacin cire tuta ya zo, Ja'e da ƙannensa biyu suka riƙa taya ni, suna kwashe tutar suna kai wa maruƙa. Na nuna musu yadda ake zarewa, na ce kada su taɓa layukan jan tsumma, amma ban gaya musu dalili ba.

Ja'e ya tambaye ni har sau biyu. "Malam Haladu, waɗannan fa? Su ba su yi laifi ba ne?"

Na ce, "Bar su, Ja'e. Sai daga baya."

Ƙarya na yi masa, kuma rowa ce ta sa. Ina tsoron in mutane suka gane kan abin, baɗi kowa ya je kamfani ya nemi iri, ni da na sha shekara uku ina koyo in zama ɗaya cikin goma. Abin da aka ba ni kyauta a kan kunya, shi na ƙulle a ciki na hana maƙwabcina.

Ana cikin haka, mazan sun fito da tuta gaba ɗaya suna shirin buɗewa, matan sun fara fitar da gemu, sai aka aiko min kawuna ya rasu a Kiru. Na bar wa Ja'e gonar na ce su ci gaba yadda muka saba, na tafi. Kwana biyu na yi, ran na uku da hantsi na ƙetaro rafi ina sauri, ina ɗokin in ga gari yana tashi.

Tun daga nesa na ga wani abu ba daidai ba. Gonar ta yi sumul, kai ɗaya, kamar an yi mata aski. Na sa gudu. Na shiga layin jan tsumma na farko, ba tuta. Na biyu, babu. Na ratsa gonar har ƙarshe ina ɗaga kai, ban ga ko guda ba. Sai ga Ja'e ya taho yana washe baki, sanda a kafaɗa.

"Sannu da zuwa, Malam Haladu. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan kawu."

Na ce, "Ja'e, wa ya taɓa min waɗannan layukan?"

"Mu ne mana! Mutum yana cikin rashi a bar masa aiki? Na tara 'yan'uwa har daga rugar gaba, mu goma sha ɗaya, jiya kafin azahar muka gama maka na daga bayan nan. Ko reshe ba mu bari ba."

"Ina tutar?"

"Maruƙa sun ci, sun gode."

Na zauna daɓas a ƙasa. Na tashi na yi ta faɗa, abin da ya zo bakina shi nake furtawa, har ƙannensa suka fara matsowa. Sai da na gaji, sannan Ja'e ya ce, "Kai kaɗo, zagi na ji, amma ban ji laifina ba. Gaya min." Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar shuka. Na karyo goyo na ɓare, na sa shi ya bi sili da farcensa, na gaya masa komai. Ya daɗe yana kallon goyon, fara'ar nan ta ɓace. Ya ce a hankali, "Wato garke guda na shanu mata, ni kuma na bi bijiman na dandaƙe su duka." Ya ɗago ya dube ni. "Da ka faɗa min haka, da sandata zan kwana ina gadinsu." Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Gemun masara ba ya jira. Daga fitowarsa, mako guda ne ko da ɗan ɗoriya, in bai samu gari ba ya tsufa, sai ka girbe totuwa. Kuma ba kowane gari ba, sai na wannan uban. Wuri ɗaya na san akwai shi: gonar Baba Iro, wanda ya yi shuka bayana da kwana kamar goma. Na ce wa Ja'e gari zan je nemowa a can, na bar shi a tsaye na yi bakin kwalta na tari mota.

Na same shi cikin layi yana cire tuta. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa duka, har ƙaryar. Ya saurara yana goge hannu a taguwa.

"Haladu, ni da na koya maka, ɓoye maka na yi?"

"A'a, Baba."

"To tashi. Mazana jiya suka fara buɗewa. Gobe ana sallame asuba za mu yanki ɗaya cikin uku, tun raɓa ba ta bushe ba. Je ka nemo a-kori-kura, da bokiti duk wanda ka samu."

Dabarar ita ce, in ka yanko tuta da ɗan kararta kafin ta fara zubar da garin ranar, ka tsoma gindin a ruwa, za ta buɗe a duk inda hantsi ya same ta. Amma garin ba ya daɗewa, zafi na kashe shi cikin 'yan awoyi, girgiza kuma na zubar da shi a banza. Washegari muka yanka, muka jera a bokitai, muka lulluɓe da takardar buhun siminti saboda iska. Na zauna a bayan mota na rungume bokiti biyu, ina yi wa direba ihu duk sanda ya faɗa rami. Muka sauka daga kwalta muka nufi rafi, sai muka tarar ya cika ya batse, an yi ruwa a kan duwatsun Doguwa. Direba ya ce ko uwarsa ce a ƙetare ba zai sa motarsa ba. Rana ta fara ɗagowa. Na ɗaga takarda na leƙa, na ga tutar ta fara fitar da 'yan kunnuwanta, alamar ta kusa buɗewa. Na ɗauki bokiti ɗaya a ka na taka ruwa, kafin in yi taku biyar rabin ruwan bokitin ya zube min a wuya, tutar tana ta kaɗawa.

Sai na ji kira daga ƙetare. Ja'e ne, bayansa matan ruga su tara, kowace da ƙwaryar nono wankakkiya da gammo, matarsa Daso a gaba. Ashe tun jiya da na tafi ya zauna ya yi lissafin rafin. Daso ta ratso ruwa har ƙugu, ta dube ni ta ce, "Sauke, Malam, wannan ba ɗaukar maza ba ce." Suka zuba ruwa kaɗan a ƙore, suka jera tutar a tsaye, suka tallafe ta da ciyawa, suka aza. Ku da kuka san yadda matan nan ke kai nono kasuwa ba ya ko motsi, to haka suka ƙetare rafin nan, suka miƙe hanya da wani irin sauri, wuya a tsaye, tutar a kansu ko rawa ba ta yi. Ni da Ja'e muna binsu a guje muna haki. Ina gudu ina dariya kamar taɓaɓɓe.

Mun isa daidai raɓa ta bushe. Na tara kowa, maza da mata, na tsaya na yi musu bayani da babbar murya, ban rage komai ba. Kowa ya ɗauki tuta uku-uku, ya shiga layi, yana kaɗawa a kan gemu, hagu da dama. Na ɗaga ta farko na kaɗa, gari ya tashi rawaya cikin hasken rana ya sauka a kan gemu. Na kurma ihu, "Ya zuba! Wallahi ya zuba!" Matan suka ɗauki guɗa. Ja'e yana tafe yana yi wa masara magana da Fulatanci yadda yake lallashin saniya. Kafin rana ta take, girarmu da gashin hannunmu duk sun yi rawaya.

Safiya biyar muka yi haka. Ta uku ruwa ya sauko muna tsakiyar gona ya wanke garin, aikin ranar ya tafi a banza. Na koma wa Baba Iro jiki a sanyaye, ina jin nauyin in sake roƙo, shi kuwa ya ce, "Ƙara yanka." Na ce, "Baba, naka matan fa?" Ya ce in yi abin da ya sa ni. Alamar gemu ya ɗauka ita ce ya daina tsawo, ya yi duhu ya yanƙwane. Daso ce ta fara gani, ta ƙwala min kira daga tsakiyar layi, "Malam, zo ka ga, wannan ta ɗauka!" Mai duba gonaki ya zo ana haka, ya ga maza ba kai, ya riƙe baki. Sai da ya je har Tiga ya tabbatar uban ɗaya ne, sannan ya bar gonar a kan sunana.

Da girbi na samu kamar kashi biyu cikin uku na abin da ya kamata. Masarar duk giɓi-giɓi, inda hannunmu ya kai ta cika, inda bai kai ba fili. Amma iri ne na gaskiya, kamfani ya karɓa, ya sake ba ni da shekara ta zagayo, na kuma yi shekara goma sha ɗaya ina fitar musu. Tun daga shekarar ba wanda ya sake shiga gonata sai na sa shi ya bi sili da farce. Ja'e da kansa ya zama mai fitar da iri, ya ma fi ni tsabtar layi, kuma ban ragu da komai ba don ya iya.

Bayan na gama girbina na ɗauki goro na tafi Tiga yi wa Baba Iro godiya. Na tarar ana ɓare tasa a tsakar gida. Na zauna in taya su, na ɗauki ta farko na ɓare, sai ga giɓi. Na ɗauki ta biyu, giɓi. Na tona cikin tarin na zaro wata, haka. Mutumin da shekara uku ina hannunsa ban taɓa ganin ƙwaya ɗaya ta ɓace a masararsa ba. Tutar da muka yi ta yanka safiya biyar, rabon matan gonarsa ce, kuma ya san haka tun ranar da ya ce in ƙara. Na riƙe masarar, idona ya cika da ƙwalla. Ya dube ni ya ce, "Ɓarewa ka zo yi ko kallo?"

Masara guda biyun nan da kuke gani rataye a zaurena, baƙi ƙirin saboda hayaƙi, su ne. Ta dama daga gonata, ta hagu ta Baba Iro ce, na saka ta a aljihu ranar ban gaya masa ba. Duk mai son koyon sana'ar nan a cikinku ya zo da damina, zan koya masa duka, ba zan ɓoye masa ko sili ɗaya ba. An riga an biya min kuɗin karatunku da masarar Baba Iro.